Tambarin `coroutine_fn` da matsalar ƙirƙirar faifan qcow2 a QEMU

A farkon shekarar 2023, Kevin Wolf, mai kula da sashen adana bayanai na QEMU (shirin kwaikwayon kwamfuta), ya aika jerin faci, wato gyare-gyaren kod, da suka taɓa direbobin qcow, qcow2, qed, vdi, vhdx, vmdk, vpc, parallels da luks. Ciwo ɗaya ne a jikinsu duka. Fankshin ɗin da ke ƙirƙirar sabon faifai a cikin korutin (aikin da ke iya dakatawa ya ci gaba daga baya) yake gudana, kuma daga can yake kiran `bdrv_open()`, mai buɗe faifai, da 'yan'uwansa, alhali su waɗannan bai halatta a kira su daga cikin korutin ba. An yi shekaru a haka, mutane suna ƙirƙirar faifansu lafiya lau. Shi ya sa lamarin ya cancanci nazari: ta yaya kuskure zai zauna tsawon wannan lokaci a kod ɗin da ƙwararru ke dubawa kullum, kuma me ya tono shi?

Dalilin kawo korutin

QEMU, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2003, shi ne shirin da ke tsayar da kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta ta gaske. Baƙuwar kwamfuta tana zaton faifai gare ta, amma sau da yawa fayil ne kawai a wajen mai masauki, kuma qcow2 shi ne tsarin QEMU na kansa na irin wannan fayil. Rubutu ɗaya daga baƙuwa ba lallai ya zama rubutu ɗaya a qcow2 ba. Don gano inda bayanan za su zauna a fayil ɗin, direba zai duba jadawalin L1, ya ɗauko jadawalin L2 idan ba ya cikin ma'ajiyar wucin gadi, ya ware sabon gungu idan ba a taɓa rubutu a wurin ba (girmansa KiB 64 ne in ba a canza ba), ya gyara ƙidayar masu amfani da gungun, sannan ya rubuta bayanan. Kowane mataki yana iya buƙatar jiran faifai na gaske, kuma QEMU ba zai iya tsayawa yana jira ba, domin zare ɗaya (wato layin aiki ɗaya a cikin shirin) ne ke sauraren abubuwa da yawa.

Da can ana yanyanka aikin ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta bar sunan wadda za a kira idan faifai ya amsa. Irin wannan kod yana da wuyar bi, musamman inda ake tarar kuskure a tsakiyar hanya. A 2011 Kevin Wolf da Stefan Hajnoczi suka shigo da korutin. Kowace korutin tana da tarin kiranta na kanta, mai girman MiB 1. Idan ta zo inda za ta jira, sai ta kira `qemu_coroutine_yield()`, ta saki ragama ga wanda ya shigar da ita, zaren ya ci gaba da wasu ayyukan. Idan amsa ta zo a tashe ta, ta ɗora daga daidai layin da ta tsaya. Mai rubuta direba ya samu damar jera matakansa daga sama zuwa ƙasa.

Doka ɗaya ta zo tare da wannan sauƙi. Duk fankshin da zai iya sakin ragama, ko da kansa ko ta bakin wani da ya kira, sai an sa masa tambarin `coroutine_fn`, kuma mai irin wannan tambari ne kaɗai zai kira shi. Sai dai a lokacin tambarin makro ce fanko. Kwamfaila tana share ta ta wuce. Mutum aka rubuta wa ita, ba na'ura ba.

Da a ce karya dokar yana fasa shirin nan take, da abin bai yi nisa ba. Idan aka saki ragama a wajen korutin, QEMU yana buga «Co-routine is yielding to no one» ya mutu, to amma sai an kai ga sakin ragamar tukuna. Fankshin da ke riƙe makullin `CoMutex` ba ya sakin ragama idan babu mai riƙe da makullin. Wanda ke neman jadawalin L2 ba ya jira idan jadawalin yana ma'ajiya. Saboda haka kira marar ƙa'ida zai haye gwaji cikin sauƙi, ya jira ranar da aiki ya yi yawa a kan faifan wani. Tun a 2013 Charlie Shepherd da Gabriel Kerneis, tare da Hajnoczi, suka yi wani abin bincike mai suna CoroCheck da ke bin kiraye-kirayen kod ɗin, kuma ya gano ɗaruruwan wuraren da tambarin ya ɓace ko aka sa shi ba daidai ba. Shekara biyu kacal ke nan da shigowar korutin. Abin binciken bai zama wani ɓangare na haɗa QEMU na yau da kullum ba, sai kurakuran suka ci gaba da taruwa.

Fankshin mai fuska biyu

Akwai wata dabara da ta ƙara lulluɓe matsalar. Wasu ayyukan, kamar karanta 'yan baitoci daga faifai, ana buƙatarsu a cikin korutin da kuma wajenta. Sai aka riƙa rubuta fankshin da zai tambayi `qemu_in_coroutine()`. Idan amsar e ce, ya kira ainihin aikin kai tsaye. Idan a'a ce, ya ƙirƙiri korutin, ya shigar da ita, ya zauna yana juya zagayen saurare da `aio_poll()` har ta gama. An yi ta kwafar wannan da hannu har 2020, lokacin da Vladimir Sementsov-Ogievskiy ya rubuta `block-coroutine-wrapper.py`, ɗan shirin Python da ke fitar da irin waɗannan fankshin da kansa lokacin haɗa QEMU.

Ba na ganin laifin waɗanda suka ɗauki wannan hanya. Ita ta sa aka iya mayar da direbobi zuwa korutin ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rushe komai lokaci guda ba. Amma tana da farashi: ta cire wa mai rubuta kod dalilin tambayar kansa a ina yake tsaye. Fankshin zai yi aiki ko ta ina aka kira shi, don haka ba wanda ya damu ya san ko yana cikin korutin. Kuma fuskokin biyu ba hali ɗaya gare su ba. Ɗaya tana sakin ragama. Ɗayar tana juya zagaye a cikin zagaye, inda kowane irin aiki da ke jiran layi zai iya gudana a ƙarƙashin ƙafar mai kiran.

Abin da `qcow2_co_create()` ke yi

Ƙirƙirar faifai, ko ta `qemu-img create` ko ta umarnin `blockdev-create` na QMP (hanyar aika wa QEMU umarni yana cikin aiki), tana gangarowa ne zuwa `qcow2_co_create()`, wanda ke ɗauke da tambarin `coroutine_fn` kuma ya cancance shi, tunda rubuce-rubuce yake yi a faifai. Da farko yana buɗe fayil ɗin ƙasa, ya rubuta kan fayil mai farawa da alamar `QFI\xfb` da ɗan ƙaramin jadawalin ƙidaya. Daga nan sai ya yi wata dabara mai kyau: maimakon ya gina sauran da hannu, sai ya buɗe wannan ƙwarangwal ɗin da direban qcow2 kansa, ya ware gungu uku na farko, ya faɗaɗa faifan zuwa girman da aka nema, ya saka ɓoye bayanai ko fayil ɗin tushe idan an buƙata. A ƙarshe ya rufe, ya sake buɗewa don a tabbatar komai ya sauka a faifai. Buɗewa da rufewa ke nan har sau uku a cikin korutin ɗaya.

Buɗe faifai a QEMU ba karanta kan fayil kawai ba ne. Sashen adana bayanai yana riƙe da taswirar alaƙa: wannan kullin qcow2 yana zaune a kan wancan fayil, wancan yana da tushe a ƙarƙashinsa, wannan na'urar tana riƙe da na sama. `bdrv_open()` yana ƙara kulli a taswirar nan, ya ɗaura shi da 'ya'yansa, ya sake lissafin izini. Rufewa kuma tana cire kulli, tana jiran duk buƙatun da ke kan hanya su ƙare. Wannan aikin babban zagaye ne, wato zagayen saurare na babban zaren QEMU, ba aikin korutin ba.

Masu kod ɗin sun san ana shigowa ta wannan ƙofa. A lokacin, a cikin `qcow2_open()` akwai reshen `qemu_in_coroutine()` da ɗan bayani a kansa cewa daga wajen ƙirƙira ake zuwa nan. Wato an ga kiran, aka yi masa masauki maimakon a hana shi. A ganina nan ne cibiyar lamarin. Tambarin `coroutine_fn` yana iya cewa «wannan yana iya sakin ragama». A lokacin babu wata kalma a kod ɗin da ke iya cewa «wannan kada a kira shi daga korutin». Tunda dokar ba ta da suna, mai duba faci ba shi da abin da zai nuna ya ce an karya.

Abin da ya tono shi

Shekaru da dama, abin da ke kare taswirar daga hannu biyu shi ne makullin `AioContext`: kowane faifai yana da zare ɗaya da ya mallake shi, wanda zai taɓa shi daga waje sai ya riƙe makullin. Da faifan NVMe masu layuka da yawa suka bazu, zare ɗaya ya zama maƙogwaro. Burin ya koma a bar zare da yawa su aika buƙatu ga faifai ɗaya lokaci guda, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an cire wancan makulli. A madadinsa Paolo Bonzini da Emanuele Giuseppe Esposito suka kawo makullin taswira a ƙarshen 2022, a `block/graph-lock.c`. Masu karatu da yawa suna iya riƙe shi tare, kuma idan mai karatu ya tarar ana rubutu sai ya saki ragama ya jira. Mai rubutu kuwa ɗaya ne, daga babban zagaye kawai, kuma hanyar jiransa daban ce: yana juya zagayen saurare har masu karatu su watse.

To me zai faru idan korutin ta juya zagaye a cikinta? Amsar tana cikin `aio_co_enter()`. Idan aka nemi tashin wata korutin alhali ana kan tarin kiran wata, QEMU ba ya shiga sabuwar nan take. Yana ajiye ta ne a layin `co_queue_wakeup` na wadda ke gudana, sai ta saki ragama ko ta ƙare sannan a shiga. Dalilin hakan mai kyau ne, yana hana korutin hawa kan korutin babu iyaka. Amma ɗauki korutin A, mai ƙirƙirar faifai, tana juya `aio_poll()` tana jiran B ta gama karatu ta saki makulli. Faifai ya amsa wa B, an zo tashinta, sai aka tarar ana kan tarin A, aka sa B a layin A. A ba za ta saki ragama ba sai B ta gama, B ba za ta motsa ba sai A ta saki ragama. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ɗan aike, alhali an gaya wa ɗan aiken kada ya taso sai mutumin ya bar bakin ƙofar. Ba saƙon kuskure, ba faɗuwa. Umarnin kawai ba ya dawowa, kuma tunda babban zagaye ne ya cije, QMP ma ya daina amsawa.

Irin wannan cirko-cirko ya fi faɗuwa muni ga mai kula da sabar, domin faɗuwa tana barin sawu. Wolf ya bayyana a gabatarwar facinsa cewa kiran kuskure ne tun kafin makullin, makullin dai zai sa a gan shi.

Gyaran

Ba a iya fitar da ƙirƙira daga korutin ba, tana buƙatarta. Ba a kuma iya mayar da `bdrv_open()` ɗan korutin ba. Sai aka juya dabarar da ake da ita. `co_wrapper` na shirin Python ɗin nan yana ɗaukar wanda ke waje ya shigar da shi korutin. Wolf ya ƙara wa shirin Python ɗin `no_co_wrapper`, mai ɗaukar wanda ke ciki ya fitar da aikinsa waje. Abin da ake fitarwa gajere ne:

```
s.co = qemu_coroutine_self();
aio_bh_schedule_oneshot(qemu_get_aio_context(), bdrv_open_bh, &s);
qemu_coroutine_yield();
return s.ret;
```

Korutin tana ƙunshe abin da take so a buɗe, ta ajiye wa babban zagaye ɗan aikin da QEMU ke kira BH, ta saki ragama da gaske. Babban zagaye ya kira `bdrv_open()` a kan tarinsa na asali, inda juya zagaye ba ya toshe kowa, ya ajiye sakamako, ya tashe ta da `aio_co_wake()`. Haka aka samu `bdrv_co_open()`, `blk_co_new_open()`, `bdrv_co_open_blockdev_ref()` da sauransu, aka bi direbobi ɗaya-ɗaya ana musanya kira. A ƙarshen jerin aka dasa `assert(!qemu_in_coroutine())` a cikin `bdrv_open_inherit()`, inda duk hanyoyin buɗewa ke haɗuwa. Wannan layin ya fi mini duk sauran daraja. Ya mayar da cijewar da sai an yi rashin sa'a ake gani zuwa faɗuwar da gwaji na farko zai kama. Gyaran ya fito a QEMU 8.0, a watan Afrilun 2023.

Bai ƙare a nan ba. Rufewa ma tana taɓa taswira, don haka bayan 'yan watanni aka ƙara `bdrv_co_unref()` da `blk_co_unref()`. Sai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. A lokacin ana kiran fankshin ɗin ƙirƙira ne da makullin karatu a hannu, kamar sauran ayyukan korutin na direba. Korutin ta miƙa buɗewa ga babban zagaye ta kwanta, makullin yana hannunta. Babban zagaye yana son makullin rubutu, yana jiran masu karatu su watse, ita kuwa mai karatun shi take jira. An fita daga korutin daidai yadda doka ta ce, amma cijewar ta dawo ta wata ƙofa. Maganin shi ne a kira `.bdrv_co_create` ba tare da makulli ba, a sa masa `GRAPH_UNLOCKED`, shi kuma ya riƙe makullin karatu na ɗan lokaci a inda yake buƙata kawai. Wannan ya nuna tambayoyi biyu ne daban, a ina fankshin ke gudana da kuma me yake riƙe da shi, kuma amsa ɗaya ba ta wadatar da ɗayar.

Ya kamata mai amfani da `no_co_wrapper` ya tuna cewa sakin ragama ne na gaske. Tsakanin kira da dawowa, babban zagaye ya juya, wasu umarnin QMP suna iya gudana. Abin da aka karanta daga taswira kafin kiran ba lallai ya kasance haka bayansa ba.

Sunayen da aka ba dokokin

A daidai wannan lokaci ana wani aikin a gefe. A 2022 Alberto Faria ya rubuta abin bincike a kan libclang, laburaren kwamfailar clang, Bonzini kuma ya yi `vrc`, wanda ke tattara taswirar wa ke kiran wa a duk QEMU ya bar mutum ya yi mata tambayoyi, misali a nuna duk inda marar tambari ke kiran mai `coroutine_fn`. Da su aka cike tamburan da suka ɓace a direbobi da yawa kafin 7.2 ta Disamban 2022. A 8.0 makron ta daina zama fanko idan clang ke haɗa shirin: tana zama alamar `annotate` da kayan bincike ke iya gani. Aka kuma ƙara tambura biyu. `no_coroutine_fn` shi ne sunan dokar da ba ta da suna a da. `coroutine_mixed_fn` kuma yana tilasta wa mai fuska biyu ya bayyana kansa. Masu fitar da kod ma aka raba su: `co_wrapper` zalla yana ƙin a kira shi daga korutin, wanda ke son tsohon hali sai ya rubuta `co_wrapper_mixed` kowa ya gani. Daga nan aka riƙa bin fankshin ɗin korutin ana sa su kiran ainihin ɗan korutin, `bdrv_co_getlength()` a madadin `bdrv_getlength()`, `bdrv_co_pread()` a madadin `bdrv_pread()`.

Wuri mafi wuya shi ne inda kira ke bi ta manuni. `BlockDriver` cike yake da manunin fankshin, kuma mai kira bai san direban da zai amsa ba. Dole tambarin ya zauna a kan manunin kansa, kuma duk direban da ya cike gurbin ya yi daidai da shi. Al'adar sa `_co_` a suna tana taimaka wa ido sosai a nan, ko da yake suna ba hujja ba ne.

Akwai bambancin da nake ganin bai kamata a rufe ido a kansa ba. Tamburan makullin taswira, `GRAPH_RDLOCK` da `GRAPH_WRLOCK`, an ɗora su a kan binciken zare na clang, don haka wanda ya kira fankshin ba tare da makullin da ake buƙata ba, tun wajen haɗa shirin za a tsayar da shi. Tamburan korutin ba su samu wannan gata ba. `annotate` tana ajiye bayani ne kawai, sai wani ya tashi ya gudanar da abin bincike sannan a ga kuskure. Marc-André Lureau ya gwada ɗora su a kan binciken zare na clang tun 2017, amma facin bai shiga ba. Saboda haka kariyar yau da kullum tana hannun masu duba faci da kuma waɗancan layukan `assert`, kuma `assert` ba ya kama komai sai gwaji ya bi ta kansa. Direban da `qemu-iotests`, tarin gwaje-gwajen faifai na QEMU, ba ta cika taɓawa ba ya fi kowa hatsarin ɗaukar kira marar ƙa'ida ya daɗe da shi.

Aikin ya kai inda aka nufa. An cire makullin `AioContext` gaba ɗaya, kuma QEMU 9.0 ta Afrilun 2024 ta zo da `iothread-vq-mapping`, wanda ke raba layukan faifan kwaikwayo ɗaya na virtio-blk ga zare da yawa. Masu fuska biyu kuwa ba su ƙare ba. `bdrv_pread()` da makamantansa suna nan da wani nau'in `co_wrapper_mixed`, domin akwai kod ɗin da har yanzu ake isa gare shi ta hanyoyin biyu, kamar karanta jadawalin qcow2, wanda ake buƙata wajen buɗewa da kuma tsakiyar rubutu. Kowanne daga cikinsu sai an bi masu kiransa an raba su kafin a iya cire masa tambarin.